Hukuncin kwana kallon Ertugrul da tsine wa maciya amanar cikinsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tela ne, ina da shago da yara biyu masu koyon ɗinki. Bayan babbar Sallah aiki ya yi sauƙi, sai wani abokina ya tura mini shirin nan na Turkawa, Ertugrul, a waya. Na fara da niyyar in riƙa kallon kaɗan bayan Isha, amma wallahi cikin wata uku na cinye shi kaf. Akwai daren da ban ajiye waya ba sai ƙarfe uku, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba Asuba ta kuɓuce mini, sai rana ta fito nake farkawa. Yanzu gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Wani ya ce kallon fim haramun ne ko wane iri ne. Wani ya ce wannan tarihin Musulunci ne, har lada ake samu. Sannan in muna hira mukan tsine wa maciya amanar cikin shirin, wani lokaci har da mutanen da suka fito a matsayinsu. Shin wannan giba ce? Mene ne hukuncin abin da na yi? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi gaskiyar halinka ba tare da kwana-kwana ba. Malamai suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtar yadda abin yake, don haka kafin in rubuta maka amsa sai da na sa wani ɗalibina ya kawo mini shirin, muka zauna bayan La'asar na kalli wani yanki nasa. Na ga abin da ya kama ka. Na ga dawaki da takubba, na ga dattijo yana yi wa 'ya'yansa nasiha da sunan Allah, na kuma ga yadda ake yanke labari daidai lokacin da takobi yake sama bai sauka ba. Ɗalibin nawa ya miƙa yatsa zai danna na gaba tun ban ce masa komai ba, sai da ya kalle ni ya janye hannu. A wannan yatsan matsalarka take.

Abokinka da ya ce kowane kallo haramun ne ya tsananta. A cikin Bukhari da Muslim, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin yadda Habashawa suke wasa da masu a masallaci, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kare ta da mayafinsa tana kallo, har sai da ita da kanta ta gaji. Haka kuma hadisin Ummu Zar'in: A'isha ta zauna ta ba shi labarin mata goma sha ɗaya da suka haɗu kowacce tana siffanta mijinta, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mata shi a wurinta kamar Abu Zar'in ne a wurin Ummu Zar'in. Alƙali Iyad, mai Ashafa da ake karantawa a masallatanmu, littafi guda ya wallafa a kan wannan hadisi kaɗai. Annabi kuma ya ce wa sahabinsa Hanzala, lokacin da ya ji tsoron munafunci don yana shagala da iyali in ya bar majalisin Annabi: "Ya Hanzala, sa'a da sa'a." Wato lokaci na ibada, lokaci kuma na iyali da hutu. Saboda haka sauraron labari da kallon wasa don a huta asalinsu halal ne. Abin da yake cikin wasan da abin da ya ci maka, su ne suke sauya hukunci.

Ta fuskar abin da yake ciki, adalci ne in ce wannan shiri ya fi mafi yawan abin da ake turawa a wayoyi tsabta. Tufafin matan na mutunci ne in aka gwada da na sauran, kuma ban ga fitsara a yankin da na kalla ba. Duk da haka akwai kiɗa, wanda jumhurun malaman mazhabobi huɗu suka hana, ko da yake Ibnu Hazmin da wasu sun saɓa musu. Akwai mata da ado da gashi a waje, kuma umarnin runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30 da 31, bai faɗi don matar tana cikin gilashin waya ba. Jarir ɗan Abdullahi ya tambayi Annabi game da kallon ba-zata, ya umarce shi da ya kau da idonsa. To wanda ya san yana jiran fitowar wata 'yar wasa don ya more kallonta, wannan kallon haramun ne a kansa ko da labarin na Badar ne. Kai ka san zuciyarka, ni ban sani ba.

Amma abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne Asuba, kuma a nan zan tsaya.

Tashar gwamnatin Turkiyya, TRT, ta nuna wannan shiri daga Disamba 2014 zuwa Mayu 2019, zango biyar, kashi 150, kowane kashi kusan awa biyu. Mutanen can sun kalle shi mako-mako cikin shekara huɗu da rabi. Kai ka haɗiye kusan awa 300 cikin wata uku, wato sama da awa uku kullum ba fashi. Mai karatu a nitse yana karanta izu biyu cikin awa guda, ka ga sauka ɗaya awa 30 ke nan. Lokacin da ka ba shirin nan ya isa saukar Alƙur'ani sau goma. Ban faɗi haka don in kunyata ka ba. Na faɗa ne don mutum ba ya jin zafin kuɗin da ya fita naira-naira sai ranar da ya zauna ya yi lissafi, kuma kai tela ne, ka san yadda ƙyalle yake ƙarewa in ana yankar ɗan kaɗan-kaɗan ba awo. Ibnu Abbas ya ruwaito cewa Annabi ya ce ni'imomi biyu ne mutane da yawa suke tafka asara a cikinsu: lafiya da samun sarari. Sararin da Allah ya ba ka bayan guguwar ɗinkin Sallah yana cikin wannan.

Za ka iya cewa ai barci uzuri ne, kuma gaskiya ne hadisi ya zo a Muslim cewa babu sakaci a cikin barci. Amma ka duba yadda abin ya faru da Annabi kansa. A hanyar dawowa daga Khaibar sun yi tafiyar dare har gajiya ta kama su, da za su kwanta sai ya ce wa Bilal ya tsare musu daren. Bilal ya jingina da raƙumarsa yana fuskantar gabas, barci ya sace shi, ba wanda ya farka sai da rana ta buge su. Tafiyar jihadi ce ta gajiyar da su, kuma duk da haka sai da aka sa mai gadi. Wanda ya riƙe waya har ƙarfe uku, ya san jiya haka ya yi bai tashi ba, shekaranjiya ma haka, ba zai jingina da wannan hadisi ba.

Abu Barza al-Aslami ya ce Annabi yana ƙin barci kafin Isha da hira bayanta, kuma malamai sun bayyana cewa babban dalilin shi ne tsoron kada Asuba ta kuɓuce. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo cewa Umar ɗan Khaɗɗabi bai ga Sulaimanu ɗan Abu Hasma a sallar Asuba ba. Da safe a hanyarsa ta kasuwa ya biya ta wurin mahaifiyarsa Shifa, ya tambaye ta. Ta ce ya kwana yana sallah ne, barci ya rinjaye shi. Umar ya ce: "In halarci sallar Asuba cikin jam'i ya fi soyuwa a gare ni da in tsaya dare guda." Wannan fa wanda nafila ta hana shi jam'i ke nan. Ina ga wanda wasan kwaikwayo ya hana shi lokacin gaba ɗaya?

Ba zan ɓoye maka ba, a littattafan Malikiyya na baya akwai maganar cewa barci kafin shigar lokaci ba haramun ba ne ko da mutum yana zaton zai zarce. Sun yi maganar ne a kan barcin kansa, domin sallar ba ta riga ta hau kan mutum ba. Ban ga wanda ya mayar da ita lasisin raya dare da wasa kullum har fitar da sallah daga lokacinta ya zama ɗabi'a ba. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 103, sallah farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai. Abin da nake ba ka fatawa da shi: duk daren da ka san, bisa abin da ka saba gani a kanka, cewa in ka ci gaba da kallo Asuba za ta wuce ka, to ci gaban haramun ne a kanka a wannan daren, domin hanya tana ɗaukar hukuncin inda take kaiwa. Sallolin da suka wuce, in ka sallace su da ka farka, babu ramuwa, sai tuba da istigfari. In akwai wadda ba ka yi ba sam, ka rama ta yau.

Shi kuma mai cewa lada ake samu don tarihin Musulunci ne, ya kamata ya sassauta. Ertugrul mutum ne da ya rayu da gaske, shi ne mahaifin Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya, ya rasu wajen shekarar 1280, kabarinsa yana garin Sogut. An samu tsabar kuɗi da aka buga da sunan Usman ɗan Ertugrul. Bayan wannan, abin da tarihi ya tabbatar game da rayuwarsa kaɗan ne ƙwarai, domin littattafan tarihin Usmaniyya na farko an rubuta su ne a ƙarni na 15, sama da shekara ɗari bayan rasuwarsa. Awa 300 ba za ta cika da wannan ɗan abin ba, sauran duk marubucin shirin ne ya ƙaga. Shehin nan da yake bayyana yana yi wa jarumin nasiha, Ibnu Arabi, shi ma ya rayu, an haife shi a Andalus a 1165, ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma babu wata hujja ta tarihi cewa sun haɗu da Ertugrul, kuma maganganun da aka sa a bakinsa rubutun masu shirin ne. Na ji ɗalibai suna rikita shi da Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, Bamalike mai Ahkamul Ƙur'an, alhali mutum biyu ne daban, shi wannan ya rasu tun 1148. Idan shirin ya sa ka ji son Musulunci da ƙin zalunci, madalla, alheri ne. Amma kada ka ɗauki addu'a ko zikiri ko hukunci daga bakin ɗan wasa, kada kuma ka zauna gaban yaran shagonka kana cewa "tarihi ya nuna" kana ba su abin da ka gani a waya. Ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, kamar yadda ya zo a gabatarwar Sahihu Muslim.

Saura maganar tsinuwa. Faɗin ra'ayi a kan shiri, a ce wannan zangon ya fi wancan, ko marubucin ya ja labari ba dalili, ko wane bai iya wasa ba a wuri kaza, babu laifi, sukar aiki ce da aka fitar don jama'a su gani. Aibata wanda aka ƙaga, wanda bai taɓa rayuwa ba, shi ma ba giba ba ne, domin Annabi ya fassara giba da ambaton ɗan'uwanka da abin da yake ƙi, kuma a nan babu ɗan'uwan. Malamai sun ciro irin wannan daga hadisin Ummu Zar'in, inda matan suka faɗi aibin mazajen da ba a san ko su wane ne ba. Sai dai harshen da ya saba da la'ana a kan na ƙarya ba ya wuyar zamewa kan na gaske, kuma mumini ba mai yawan la'ana ba ne.

Ɗan wasan kuwa mutum ne mai rai da iyali, aiki aka ba shi ya yi, kuma galibinsu Musulmi ne. Tsine masa don ya fito a maci amana zalunci ne tsantsa, taɓa mutuncinsa giba ce, in abin da aka faɗa babu shi a tare da shi ya zama ƙazafi. Nisan ƙasarsa da rashin jin Hausarsa ba su halatta naman jikinsa ba. Wannan hukunci ya hau kan 'yan wasanmu na gida ma, waɗanda ake yi wa ruwan zagi a Facebook saboda rawar da suka taka, wani lokaci har a haɗa da iyayensu.

Akwai kuma waɗanda suka rayu da gaske suka mutu, kamar Sa'aduddin Kofek da aka nuna a shirin a matsayin maci amana, wanda babban jami'i ne a daular Saljuƙawa. Masu tarihi sun rubuta abin da suka rubuta a kansa, kuma karanta wannan da ilimi ba laifi ba ne. Amma ku ba tarihin kuke tsine wa ba, fuskar da marubuci ya zana ce, da laifuffukan da wasunsu shi ya ƙirƙira. Annabi ya ce kada ku zagi matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ku bar shi da Ubangijinsa.

Na san akwai ci gaban shirin a kan Usman ɗan Ertugrul, kuma na san abokan majalisa za su turo maka. Ban ce maka haramun ne ka buɗe ba. Amma wanda ya faɗi a rami sau da yawa ba ya gwada tsallake shi da dare. In za ka kalla, ka mayar da shi rana ko tsakanin Magariba da Isha bayan ka sallaci farilla, ka yanke iyakarsa kafin ka fara, ka rage sautin kiɗan, ka wuce wurin da ido bai kamata ya tsaya ba. Da dare ka bar wayar a shago ko ka miƙa wa maiɗakinka, ka roƙi wani maƙwabci mai zuwa masallaci ya riƙa ƙwanƙwasa maka ƙofa. In ka gwada haka mako biyu ka ga har yanzu Asuba tana kuɓucewa, to ka goge shi daga wayar, barinsa ya zama wajibi a kanka.

Allah ne mafi sani.