Yadda za ka hana kurege dawowa gida

Malam, ka ce ka samu ka kori kuregen da ya yi rami a gindin ɗakin ajiyarka a Garwa, kana neman yadda ba zai dawo ba. Toshe ramin da tsakuwa da siminti, sannan ka ɗauke abin da ya jawo shi. Kada ka ɓata lokacinka da ƙasa zalla, kurege gwanin tono ne, kafin azahar ya buɗe. In bangon na laka ne, haƙa gindinsa kamar kamu ɗaya ka binne ragar waya mai ƙananan idanu. Gyaɗar kuma ta bar buhu ta koma duro mai murfi, tarin itace da karan dawa a janye su daga jikin bango.

Sharaɗi ɗaya dai: kada ka toshe sai ka tabbata ba kowa a ciki. Barbaɗa toka a bakin ramin da yamma, ka duba kwana 3 a jere. Da rana yake yawo, in yana nan za ka ga sawunsa. Ni gaggawa na yi bara bayan kaka, na zuba siminti, ashe akwai 'ya'ya a ciki. Wari ya hana mu shiga ɗakin kusan mako biyu, uwargida har yau tana yi mini gori. Ka kuma zagaya bayan katanga, ramin nasa ba kasafai yake da ƙofa ɗaya ba. Tawa ta biyun a ƙarƙashin tsohon turmi na same ta.