Ƙarfen dala ɗari mai gotaccen ciki, da gwangwanin tsofaffin kwabbai

Wani mai shagon kayan masarufi a Kasuwar Dole ta Zinder ya aiko da tambaya. Ya tsinci ƙarfen dala ɗari cikin canji, cikinsa ya goce gefe guda, yaron shagonsa kuma ya nuna masa bidiyo a waya ana cewa kuɗi mai kuskure yana kai miliyoyi. Ana cikin haka sai ga dillali da gwangwani cike da tsofaffin kwabbai masu huji, yana neman jika hamsin. Ya saya, ko ya bari?

Alhaji, kada ka taɓa jarin shago tukuna. Masu tara kuɗin ƙarfe suna biyan kuskuren da ya faru a maƙera, lokacin bugu, kuma shi kaɗai suke biya. Abin da ya sami ƙarfe bayan ya fito, taya ta taka shi, yaro ya buge shi da dutse, ya suɗe a aljihu, wannan lalacewa ce, kuma ka fi ni sanin yadda mai ciniki yake maido maka da suɗaɗɗen ƙarfe.

Ƙarafan sefa na BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma, maƙerar kuɗin Faransa, Monnaie de Paris, ta saba buga su, a masana'antarta ta Pessac da ta fara aiki a 1973. Ana sa faifan ƙarfe tsakanin hatimi biyu, a matse. Daga nan ake gane komai. In hatimin ya tsage, ƙarfe yana shiga tsagar, sai layi ya fito a tashe bisa kuɗin. In kuwa layin ya nutse ciki, ƙarcewa ce. In faifan bai zauna daidai ba, zanen fuska biyun yana gocewa tare, ya bar wani gefe fili sumul kamar jinjirin wata. Akwai rubutu mai ninki biyu, irin na kwabon Amurka na 1955 da bidiyoyin nan suke yawan nunawa. A can hatimin ne kansa ya ninku, shi ya sa duk wanda aka buga da shi ya fito iri ɗaya. Akwai kuma wanda fuskarsa da bayansa suka saɓa wa juna. Wannan sai ka jera shi da 'yan'uwansa goma na shekara ɗaya, ka juya su ta hanya guda, ka ga ko shi kaɗai ya bambanta.

Naka na dala ɗari yana cikin waɗanda aka fi yi wa ha'inci. Ƙarfe biyu ne, zobe da ciki, kamar na dala arba'in da suka fito tare a 2003 da na dala hamsin na 1992. Mai guduma yana iya fitar da cikin ya mayar a karkace. Ari gilashin mai gyaran waya ka duba mahaɗar. Na maƙera, ƙarafan biyu sun matsu sun cinye juna, zanen ya bi ta kansu bai yanke ba. Na guduma, za ka ga rata, ko tabon bugu, ko cikin yana motsi. Ka kai shi sikelin maƙerin azurfa tare da lafiyayyen ɗan'uwansa a auna. Kuma don Allah kada a goge shi da lemun tsami ko toka ko yashi. Mai tara kuɗi ya fi son dattinsa da ƙyallinka, gogewa tana kashe farashi nan take.

Gwangwanin kuwa ya fi ba ni sha'awa, amma ba a jika hamsin ido rufe ba. Kwabbai masu huji da tauraro mai tsini shida na Afirka ta Yamma ne ta Ingilishi, waɗanda fatauci da Kano ya cika Damagaram da su. An buga su da yawan gaske. Dillali zai nuna maka mai sunan sarkin Ingila Edward na Takwas na 1936, ya ce sarkin bai yi shekara kan mulki ba. Gaskiya ne, amma kwabon nasa ba ya wuyar samu. Wanda ya cancanci a sa masa ido shi ne kwabon 1956 mai ƙaramar alamar H, ta maƙerar Heaton a Birmingham, wanda aka buga bisa kuskure da sunan George na Shida alhali ya rasu tun 1952. Ka kuma duba ko akwai sule mai bishiyar kwakwa na 1913 zuwa 1919, wannan azurfa ne. Haka dalar Mariya Tariza, tsohon kuɗin azurfa na ƙasar Austiriya: shekarar 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, don an ci gaba da buga ta da wannan shekarar, amma tana da nauyin giram 28 kuma kashi 833 cikin 1000 azurfa ne, ko ba mai tarawa maƙeri zai saya. Wadda aka huda aka rataya a wuya, kuɗin azurfarta kawai za ka samu.

Sai babbar tambaya, wadda bidiyo ba ya yi: wa zai saya? A nan Zinder ba ka da layin masu jiran kuɗi mai kuskure. Masu biya suna Turai da Amurka, kuma a kaya mai tsada suna son hatimin kamfanin tantancewa irin NGC ko PCGS, wanda ladansa da kuɗin aikawa kan iya cinye ribar. Masu neman kuskuren sefa ma ba su kai na kuɗin Amurka yawa ba. In kana son sanin farashi, sa yaron ya buɗe eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ya duba abin da aka riga aka sayar, ba abin da mai kaya ya yi wa kuɗi ba.

Ka ce wa dillalin ya zube gwangwanin bisa tabarma ku tantance tare. Na azurfa ka biya da awo, sauran ka taya a kan kuɗin da ba zai dame ka ba in sun shekara a durowa. In ya ƙi a zube, bar masa kayansa. Dala ɗarinka kuwa naɗe ta a takarda ita kaɗai, ka ɗauki hoton fuska biyun da gefenta da rana, ka aiko mu gani.