Amsa: Masu ba da kuɗin bincike sun ce sai na raba bayanan yara

Malama Hajiya, kin tambaya ko dole ne ki ba kowa bayanan yaran da kika auna kan tamowa a Maradi tunda masu kuɗin sun nema. A'a, ba wai ki watsa komai a intanet ba ne fa. Misali NIH, hukumar Amurka mai ba da kuɗin binciken lafiya, tun 25 ga Janairu 2023 abin da take so shi ne tsari a rubuce, ina za ki ajiye bayanan, wa zai gani, yaushe, kuma kuɗin wannan aikin ana iya sa shi cikin kasafin tun farko, mutane da yawa ba su san haka ba.

Amma wallahi inda ake faɗuwa shi ne takardar yardar iyaye, in ba a rubuta a ciki cewa wasu masu bincike za su iya gani ba to kwamitin ɗa'a na Yamai, mai ba da izinin binciken lafiya, zai iya tsayar da ke. Cire suna, lambar waya, har sunan ƙauyen in ƙarami ne, don ƙauye mai gida talatin kowa ya san ɗan wane ke kwance.

Kuma don Allah kar ki dogara da filash ɗaya, nawa ya mutu da aikin wata huɗu. Zenodo, shafin intanet na ajiye bayanan bincike, kyauta ne.