Kada Ka Goge Kwandalar Deli

Ɗana, jiya ka ce, "Maigida, 'yar tagullar nan ba kan sarki, ba sunan ƙasa, sai dauɗa. Me ya sa ka hana ni goge ta?" Jawo kujera.

Ba kuɗin gwamnati ba ce. Daga Deli ta fito, a gabashin tsibirin Sumatara na ƙasar Indonesiya ta yau, inda Turawan Holan suka fara noman taba a 1863. Kafin a jima gandaye sun cika wurin, aka riƙa kwaso leburori daga kudancin Sin da Jawa da Indiya. Maigandu sai ya sa a buga masa nasa kuɗin, da sunan gandunsa, ya biya lebura da shi. Ina lebura zai kashe? Kantin gandun kawai. Shinkafa a can, gishiri a can, farashi kuma yadda mai kanti ya ga dama. Ya tsallake iyakar gandu, abin da ke aljihunsa ya koma ƙarfen banza. Ga kuma dokar 1880 da ta ba da damar a kamo wanda ya gudu daga kwantiragi a hukunta shi. Ka ga an ɗaure akuya ta wuya, an kuma ɗaure ta ta ƙafa.

Juya ta. Rubutun Sinanci ne wannan, don masu karɓarta aka yi shi. Wasu za ka tarar da Jamusanci, domin akwai Jamusawa cikin masu gandayen. Siffar ma ba ɗaya ba ce, akwai mai kusurwa uku, akwai mai huɗu, akwai mai kamar ƙwai.

To, batun guga. Wannan duhun da kake kira dauɗa shekaru fiye da ɗari ne suka yi shi, kuma shi mai saye yake fara dubawa. Ina yaro na taɓa dirje wata da toka da lemun tsami, ta yi ƙyalli kamar tasar amarya. Mai sayen ya duba sau ɗaya ya turo mini kayata.

Jabu fa? Yawanci zubi ake yi, ba bugu ba. Sa madubi ka duba: za ka ga 'yan ramuka kamar yashi, haruffa sun dushe, wani lokaci har da layin haɗi a baki.

Yanzu kama ta ta gefe, sa ta a ambulan, ka rubuta sunan gandun da nauyinta. Ma'aunin yana cikin durowa.