Tambaya da Amsa: Mama ta ƙi zuwa asibiti, yaya zan yi?

TAMBAYA: Salam. Mahaifiyata shekarunta 73, tana da hawan jini, asibiti kuma akwai nisa, in mun je sai mu wuni a layi ta dawo ƙafa a kumbure, yanzu ta ce ita ta daina zuwa. Dan Allah ma'aikatan lafiya na unguwa za su iya kula da ita kuwa?

AMSA: Wa'alaikissalam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Eh za su iya, da ma aikinsu ke nan. A inda ake zagayen gida, ma'aikaciyar lafiya za ta zo har gida ta ɗaura mata abin awo a hannu, in ta ga yana kai 140/90 ko ya wuce ta san da gyara, ta duba suga, ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali ta gane ko Mama na sha ko tana ɓoyewa ƙarƙashin filo, don tsofaffi da yawa da sun ji sauƙi sai su ajiye magani, shi kuwa hawan jini ba ya sallama. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da tsofaffi a cikin al'umma, har da gani da ji da yawan mantuwa da faɗuwa. Ki je ƙaramin asibitin da ya fi kusa ki tambaya ko suna zagayen gida.

Amma fa in baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, kar ki jira kowa, babban asibiti nan take.