Ɗana ba ya zama, ni kuma na gaji

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa huɗu. Da aka haife shi ya daɗe bai yi kuka ba. Har yau ba ya zama da kansa, gaɓoɓinsa a sanƙare suke, wani lokacin kuma farfaɗiya ta buge shi. Ni kaɗai ke ɗawainiyarsa. Bayana ciwo yake, barci ya gagare ni, har yayyensa nake wa tsawa ba gaira ba dalili. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Bayaninki ya yi kama da raunin da ƙwaƙwalwar jariri ke samu idan iska ba ta ishe ta ba wajen haihuwa. Shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, ko haihuwar bakwaini ma suna kawo shi. Raunin ba ya ƙaruwa, amma gaɓoɓin da aka bari ba motsi suna ƙara ƙagewa. Shi ya sa gashin ƙashi ke da muhimmanci: ki sa a koya miki motsin a asibiti, ki riƙa yi masa kaɗan-kaɗan kullum, lokacin wanka ko sauya kaya.

Farfaɗiyar kuwa tana jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun sami maganin da ya dace. Kada ki tsayar da maganin don kin ga sauƙi. In ta tashi, ki kwantar da yaron ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa. Ta wuce minti 5, sai asibiti. Abinci kuma a zaune, kai a miƙe, loma ƙanana; yawan ƙwarewa na kai abinci huhu.

Amma ni, ke ce kika fi damuna. Uwar da ba ta barci ita ke manta lokacin magani, ita ce bayanta zai riƙe ranar da yaro ya kai kilo ashirin. Sau da yawa dangi na son taimakawa, tsoro ke hana su, don ba su san yadda ake riƙe shi ba. To ki koya musu. Ki zaunar da mahaifinsa, ki ɗora hannunsa inda kike ɗora naki, ɗaya a ƙarƙashin cinya, ɗaya a bayan kafaɗa. Kada ki ce "a taimake ni" kawai, ki yanka wa kowa aikinsa: wane dare biyu a mako, wance ranar asibiti. Wajen ɗagawa ki durƙusa da gwiwa, ki manna shi a ƙirji, kada ki sunkuya.

Yayyensa ki faɗa musu gaskiya, ciwon ba a ɗaukarsa, kuma ba laifin kowa ba ne. Idan rashin barcin da ƙuncin zuciya suka haura mako biyu, ranar da kika kai shi asibiti ki yanki kati biyu, ɗaya nasa, ɗaya naki.