Tambayoyi da Amsoshi: Su Wa Suka Tsara Sa Hannu a Kan Bayanan Intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kadpoly, ina rubuta manhajar da 'yan kasuwa za su riƙa karɓar oda da ita. Duk wanda ya shiga, sabar, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, tana ba shi wani dogon rubutu mai kashi uku da yake farawa da "eyJ". Mene ne shi, su wa suka tsara shi, kuma me ya sa ake buƙatarsa alhali shafina yana da HTTPS? (Daga Tudun Wada)

Amsa: Wa alaikumus salam. Sunan wannan rubutu JWT, wato shaidar da sabar ke bai wa mutum don ya riƙa nunawa maimakon ya yi ta maimaita kalmar sirri. Asalinsa bayani ne da aka jera bisa tsarin JSON, wato salon jera bayanai da manhajoji ke musaya da shi, sannan aka mayar da shi jerin haruffa da lambobi ta hanyar da ake kira base64url, kuma wancan "eyJ" ɗin ba komai ba ne illa bakan buɗewa da alamar zance da JSON ɗin ke farawa da su. Kashi na farko yana faɗin lissafin sirrin da aka yi amfani da shi wajen sa hannu, na biyu shi ne saƙon, na uku kuma sa hannun.

HTTPS, wato tsarin da ke rufe bayanai tsakanin na'urar mutum da shafin intanet, hanya yake tsarewa, ba saƙon kansa ba. Kamar ka ba direba saƙo a tashar Kawo ya kulle a but har Kano: a kan hanya babu mai taɓawa, amma da zarar an sauke ya fara wucewa daga hannu zuwa hannu, kullen motar ya gama aikinsa, sai hatimin da ke jikin ambulan ne zai nuna ko an buɗe. Bayanan manhaja kuwa sukan bi ta sabar uku ko huɗu, a ajiye su, a sake tura su.

Kafin JSON ya yi ƙarfi akwai mafita. Hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar da ƙa'idar sa hannu a kan XML, wani salon jera bayanai da ya girmi JSON, da kuma ƙa'idar rufe shi tun 2002, sai dai masu rubuta manhaja sun sha wuya da ita, domin kafin a sa hannu dole a daidaita rubutun zuwa siffa guda, kuma saɓanin da bai wuce tazara ɗaya ba yana iya sa a ƙi sa hannun gaskiya. Akwai kuma CMS da ake rufe imel da shi, wanda bai dace da mai aiki da JavaScript, yaren rubuta manhajar shafukan intanet, ba. Saboda haka kamfanoni suka fara ƙirƙiro nasu tsarin, na wannan ba ya karanta na wancan.

A 2011 aka kai maganar gaban IETF, ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet tun 1986. An fara tattaunawa da sunan WOES, daga baya aka kafa kwamitin aiki mai suna JOSE. A al'adar IETF ba a kafa kwamiti sai an rubuta takardar sharuɗɗa da ke fayyace abin da zai yi, kuma a ganina a nan nasarar aikin ta samo asali, domin sun taƙaita burinsu. Ba su ƙirƙiro sabon lissafin sirri ba, sun ɗauki waɗanda aka daɗe da gwadawa irin su RSA da AES da HMAC. Sun kuma kauce wa ramin da XML ya faɗa: maimakon a daidaita rubutu, sai a sa hannu a kan bayanin yadda yake, a tura shi a haka. Aibin wannan zaɓi shi ne ido ba ya iya karanta saƙon kai tsaye, amma ya rage kurakurai ƙwarai.

Duk da wannan taƙaitawa, sai a watan Mayun 2015 takardun suka fito, waɗanda IETF ke kira RFC: RFC 7515 kan sa hannu, 7516 kan rufe bayani, 7517 kan yadda ake rubuta mabuɗi, da 7518 kan jerin lissafan da aka amince da su. Ita takardar JWT, wato RFC 7519, daga wani kwamitin IETF mai suna OAuth ta fito a wannan watan. Michael Jones, wanda a lokacin yake Microsoft, yana cikin marubutan dukansu.

Tambaya: Malam, ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Barnawa. Wanda ya yi mana manhaja ya ce bayanan marasa lafiya suna cikin JWT mai sa hannu, don haka babu mai iya gani. Haka ne?

Amsa: Malama, ba haka ba ne. Sa hannu yana tabbatar da wanda ya aiko da saƙo da kuma cewa ba a canza shi ba, amma ba ya ɓoye komai. Duk wanda JWT ɗin ya shiga hannunsa zai iya warware kashi na biyu cikin daƙiƙa ba tare da mabuɗi ba. Rufaffen bayani, wato JWE, kashi biyar gare shi, don haka ki ƙirga ɗigon da ke tsakani: biyu na nufin sa hannu kawai, huɗu na nufin an rufe. Ki nemi a cire lambar NIN da sakamakon gwaji daga ciki, ganin cewa Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman.

Tambaya: Na ji an ce ƙa'idar JWT tana da rauni. Mu daina amfani da ita ne? (Daga Kakuri)

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Masu tsarin sun bar wa saƙo ikon faɗin lissafin da za a tantance shi da shi, har ma sun yarda da zaɓin "none", wato babu sa hannu sam. A 2015 wani mai binciken tsaro, Tim McLean, ya nuna cewa wasu sanannun manhajojin tantancewa suna karɓar irin wannan saƙo a matsayin ingantacce, wasu kuma ana iya yaudararsu su ɗauki mabuɗin RSA na fili, wanda kowa ke iya gani, a matsayin mabuɗin sirri na lissafin HMAC, ta yadda kowa zai iya ƙirƙiro shaidar bogi. Wasu sun ɗora laifin a kan masu rubuta manhajojin, amma ni ina ganin kwamitin ma yana da kasonsa, tunda shi ya buɗe ƙofar.

A Fabrairun 2020 IETF ta fitar da RFC 8725 da ke bayyana hanyoyin kariya. Ba sai kun daina ba, amma ka ƙayyade wa sabar lissafin da za ta karɓa tun daga saitinta, ta riƙa duba lokacin ƙarewar shaidar da wanda aka yi ta dominsa, sannan ka tabbatar manhajar tantancewar da kake amfani da ita sabon fitowa ce.